Lissafin Sola a Lambun Dashe na Jos

Sana'ar renon dashe a Jos, da rani ake kashe mata kuɗi, da damina take biya. Da ruwan sama ya ɗauke a ƙarshen Oktoba sai a shiga tankaɗe ƙasa, a gauraya ta da yashi da ruɓaɓɓen takin shanu, a cika leda, a jera sahu-sahu, a shuka. Daga nan har Afrilu babu ranar fashin ban ruwa, babu kuma wani cinikin a zo a gani, in ban da masu neman fulawar ƙofar gida. Sai ƙasa ta jiƙa sosai, wajen Mayu zuwa Agusta, masu gonaki da makarantu da coci-coci da masallatai da 'yan kwangila suke tasowa. Wata shida kana zuba kuɗi a leda, wata uku ko huɗu kana kwasa. Duk mai son sanin ko sola za ta biya shi a wannan sana'a, daga nan ya kamata ya fara lissafi kafin ya tambayi farashin fanel.

Lambun da nake magana a kai na kawuna ne, a bayan gari ta wajen Bukuru. Ni aikina riƙe littafin shiga da fita, da zirga-zirgar kasuwa. Muna renon turare da piya da gwaiba da lemo da mangwaro mai aure, sai 'yan itatuwan kwalliya saboda masu sababbin gidaje na Rayfield. Kawu ya koyi aikin a hannun tsofaffin ma'aikatan gandun daji, irin waɗanda suka fito daga makarantar gandun daji ta titin Bauchi, wadda take nan tun 1958. Turaren nan da ya cika Filato, da shi aka yi ta rufe filayen da haƙar kuza ta lalata, don yana jure ƙasar da sauran itatuwa suke ƙi. Har yau shi ne ya fi fita da yawa a wurinmu, saboda masu gini suna son sandunansa, amma kuma shi ne mafi ƙarancin riba a kowace leda.

Itacen da ke cikin leda ba shi da inda zai miƙa saiwa ya nemi laima. Abin da ka zuba masa da safe shi ne rabonsa na ranar. Baƙar leda tana ɗaukar zafi, iskar hunturun Jos kuwa, duk sanyin nan nata, busasshiya ce ƙayau. Kwana biyu ba ruwa a watan Fabrairu ko Maris, sai ka ga kan ƙananan ya langaɓe. A rana ta uku sai dai a zazzage ledar a sake cikawa.

Shekara da shekaru injin fetur ne ya riƙe mu, irin ƙaramin nan da 'yan lambun bakin kogin Dilimi suke ɗaurawa a bayan babur. Yana da halinsa. Ba ya iya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce mita bakwai ko takwas, don haka idan rani ya yi nisa ruwan rijiya ya ja ƙasa, sai a zura shi ciki da igiya, a dafe shi a kan katako, yaro ya sauka ya ja masa igiyar tayarwa ya fito da sauri kafin hayaƙi ya shaƙe shi. Ban taɓa ganin ana wannan aikin hankalina yana kwance ba. Amma a lokacin mai yana da araha, ba wanda ya damu ya lissafa. Sai ranar 29 ga Mayu 2023 sabon shugaban ƙasa, Bola Tinubu, ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000.

Lissafin ba shi da wuya. A ce inji yana shan lita biyu a rana, rani kuma kwana 180 ne. Lita 360 ke nan. A kan naira 200, ka ƙone 72,000 a shekara, abin da 'yan ɗaruruwan dashe za su rufe. A kan naira 1,000, ka ƙone 360,000, ban da baƙin mai da fulogi da kuɗin bakanike. Shi kuwa mai sayen turare bai yarda ya ninka farashin leda sau biyar ba don an cire tallafi. Daga lokacin ne maganar sola ta tashi daga hirar 'yan boko ta shiga bakin masu lambu.

Ita ma solar ba ta tsira daga halin da ƙasa ta shiga ba. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi farashinta, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati, ta wuce 1,500 a farkon 2024, kuma kusan duk kayan sola daga waje ake shigo da su, galibi daga Sin. Abin da ya rage zafin shi ne, a kasuwar duniya farashin fanel ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, kuma ya ci gaba da sauka. Yanzu fanel ɗin kansa ba shi ne abin tsoro a takardar farashi ba. Abin tsoro shi ne tarkacen da ake jibga maka tare da shi.

Mai haɗa sola na farko da ya zo mana, yaro ne mai ladabi, da takardarsa a buge tsaf: fanel takwas, inbata, manyan batura huɗu, wayoyi, kuɗin aiki. Kawu ya bar shi ya gama karantawa, sannan ya ce, "Injiniya, su baturan nan, me za su yi mini?"

"Baba, su za su ajiye muku wuta. Ko da dare kuna iya tayar da famfo."

"Wa ya ce maka da dare nake ban ruwa? Da sassafe nake yi, sai kuma la'asar sakaliya."

"To ai shi ne, Baba. Lokacin ba rana."

"Ruwan da aka ɗora a tanki da azahar, gudu zai yi kafin asuba?"

Yaron ya yi dariya ya sosa ƙeya, ya ce zai je ya sake lissafi. Ba cuta ya zo yi ba. Haɗin gida ya saba yi, inda ake son fitila da fanka da talabijin bayan magariba. Lambun dashe kuwa ruwa yake so, kuma ruwa ya fi wuta sauƙin ajiya nesa ba kusa ba. Batir na ruwa, in an yi sa'a, shekara biyu zuwa uku yake yi ya fara sanyi. Na litiyom ya fi daɗewa amma kuɗinsa na iya ninka kuɗin sauran kayan. Tankin roba kuwa sai dai rana ta cinye shi bayan shekaru masu yawa. Da aka cire batir da inbata, aka sa sumo, wato famfon da ake zurawa cikin ruwa, irin wanda yake karɓar wuta kai tsaye daga fanel ta hannun 'yar kwantirola, takardar ta faɗo ƙasa da rabi. Jos kuma ta yi mana wani alheri: ba mu ƙera hasumiyar ƙarfe ba, a kan wani falalen dutse da ke saman lambun muka daidaita siminti muka ɗora tankin, ruwa yake gangarowa da kansa ta tiyo.

Mutane da yawa ba su san ƙanƙantar wutar da ɗaga ruwa yake ci ba. Ɗaga lita 5,000 zuwa tsayin mita 20, har da abin da ke salwanta a famfo da bututu, bai cika cin yunit ɗaya na mitar wuta ba. Fanel guda mai wat 400, in yana da tsabta, yana ba da abin da ya fi yunit ɗaya da rabi a ranar rani. Ke nan fanel biyu ko uku sun ishi matsakaicin lambu. Wannan lissafin yana da wani ɓangare da masu tallar sola ba sa son a taɓo. Ko a farashin wutar lantarki na rukunin A, wanda aka kai naira 225 kowane yunit a watan Afrilu na 2024, wanda layin kamfanin rarraba wuta na JED ya ratsa lambunsa kuma wutar tana zama, ban ruwan yini guda ba zai ci masa naira 250 ba. Irin wannan mutumin ba shi da gaggawar sayen sola. Tsofaffin Bukuru da Barikin Ladi suna ba da labarin wutar NESCO, kamfanin da aka kafa a 1929 yana samar da lantarki daga ruwan Kurra saboda ma'aikatun kuza, da yadda take daɗewa ba ta ƙifta ba. Da irin wannan ce a kowane lambu, da ban rubuta wannan ba. Amma lambunan dashe a bayan gari suke, bakin rafi ko bakin tafkin kuza, inda ko turken wuta babu. Abokin karawar sola a wurinmu fetur ne, kuma fetur kaɗai take kayarwa.

Yanayin garin ya dace da ita ƙwarai. Lokacin da dashe ya fi jin ƙishi, lokacin ne sama take tas ba gajimare. A watan Agusta, da ake kwana ana wuni cikin hadari fanel yana lalaci, ba mai neman famfo. Jos tana saman tudu, sama da mita 1,200, kuma fanel ya fi aiki cikin sanyi. Kowane digiri ɗaya da ya ƙaru a jikinsa bayan 25 yana rage masa ɗan ƙarfi, shi ya sa irin fanel ɗin da zai galabaita da azahar a Sakkwato yake aikinsa hankali kwance a nan. Abin da ke cutar sa shi ne ƙurar hunturu. Ba sai an sa mita ba, a bakin bututu ake gani: ruwan da ke faɗawa tanki da ƙarfi sai ya koma siriri. Tsumma da rabin bokiti da sassafe, kafin gilashin ya yi zafi, sun gama maganin. Amma sai an ɗora wa wani yaro takamaimai wannan aikin, don abin da aka bar wa kowa ba wanda yake yi.

Inda na fi ganin mutane suna faɗawa shi ne wajen rijiya. Ƙarƙashin Filato dutse ne. Ruwa a cikin ruɓaɓɓen saman dutsen yake da tsagoginsa, yana tsattsafowa a hankali, kuma a Maris da farkon Afrilu yakan ja baya sosai. Injin fetur yana kwashe abin da ya taru cikin awa guda a kashe shi, rijiya ta wuni tana cikowa. Sumon sola kuwa da rana ta ɗaga yake farawa, ba ya gajiya, ba ya jiran umarni. In ya fi ƙarfin idon rijiyar sai ya tsotse ta ƙaf ya ci gaba da juyawa a bushe har ya ƙone. Na san lambun da aka sa famfo mai doki biyu a rijiyar da rabin doki ya isa, don mai lambun yana ganin babba shi ne nagari. Bai ga damina da shi ba. Kafin a sayi komai, a kwashe rijiyar a tsakiyar Maris, a sa sanda a auna abin da take cikowa cikin awa guda, a sayi famfo daidai da wannan. A kuma tabbata an ɗaura 'yar na'urar da ke kashe famfo idan ruwa ya yi ƙasa. Masu haɗi sukan bar ta a cikin kwali in ba a yi magana ba. Waɗanda suke bakin tafkunan kuza ba su da wannan damuwar, ruwa ga shi nan har ya yi yawa. Tasu matsalar laka ce da ke cinye cikin famfo in ba a sa rariya ba.

Sai batun inda kuɗin zai fito, wanda a ganina shi ne yake raba riba da faɗuwa. Mu ɗauka duka haɗin, da tanki da bututu da kuɗin aiki, ya kama naira miliyan ɗaya da rabi, don misali kawai. In abin da ka daina ƙonawa 360,000 ne a shekara, rani huɗu da ɗoriya sun mayar maka da kuɗinka, fanel kuma an yi shi ne ya yi shekara ashirin ko fiye, ko da za a canja famfo a hanya. Wannan ciniki ne mai kyau. Amma a ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwa kuma suna ba da bashi a wajen kashi 30. Kashi 30 na miliyan ɗaya da rabi 450,000 ne. Wato abin da za ka biya banki a shekarar farko ya fi abin da gidan mai yake karɓa, ga shi banki wata-wata yake so, kai kuwa sau ɗaya a shekara kake ganin kuɗi. Ko ba a kawo maganar haramcin riba ba, wadda a wurin Kawu ita ce farko da ƙarshe, alƙalami da kansa ya hana. Mu da kwasar adashi da cinikin damina guda muka yi namu, kuma daki-daki: tanki da bututu tukuna, injin fetur yana cika shi, sannan fanel da sumo da aka samu hali. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Akwai ribar da ba ta fitowa a shafin man fetur. Da, ranar da aka wayi gari da layi a gidajen mai, ko inji ya ƙi tashi bakanike ya tafi ƙauye biki, sai a koma guga da garwa, a fara da masu tsada, turare ya jira. Kowane rani akwai sahun da ake asara ta haka. Asarar turare da sauƙi. Amma mangwaro ko piya da aka yi wa aure, an rene shi wata da watanni, an yanka, an haɗa, an naɗe da leda, an jira ya kama, in ya mutu kuɗin leda goma na turare ne suka tafi. Tun da tanki ya zama kullum a cike, shafin da nake rubuta matattu ya rame, kuma Kawu ya sami ƙarfin zuciyar ƙara yawan masu aure ya rage turare. In aka tambaye ni, nan ne solar ta fi biyan mu, fiye da kuɗin man.

Ruwan banza kuma yana da tasa illar. Yaran da da suke tattalin kowace garwa sai suka koma sakin tiyo suna hira. Ƙananan tsiro ba sa son jiƙa fiye da kima, musamman cikin sanyin Disamba da Janairu: gindinsu yakan ruɓe daidai bakin ƙasa, ka zo da safe ka tarar sun kwanta kamar an bi su da reza. Takin da ke cikin ledar ma wankewa yake yi ya fice ta ƙasa. Dole Kawu ya dawo da dokar da: a cika butar ban ruwa a bi sahu, tiyo na cika durom ne kawai.

Babbar jarabawar dai ita ce kasuwa. Da ruwa ya samu, zuciya sai ta fara raya wa mutum ya ninka leda. Ga labarai suna ta yawo na manyan shirye-shiryen dashe, irin su ACReSAL da Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a watan Disamba na 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, kowa yana ganin rabonsa ya kusa. Wani maƙwabcinmu ya sa sola, ya ninka lambunsa a kan maganar baka ta wani ɗan kwangila da ko takarda bai nuna masa ba, bai ma faɗi aikin wa yake yi ba. Mutumin ya zo ya kwashi kaɗan, ya ce sauran sai an saki kuɗi. Damina ta wuce. Dashe kuwa ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu. Saiwarsa takan fasa leda ta kama ƙasa, sai an riƙa ɗagawa ana datsewa, wanda ya yi girma a canja masa babbar leda, a sake shayar da shi wani ranin cur, kuma mai saye in ya zo sai ya ce ya tsufa. Solar maƙwabcin nan lafiyarta ƙalau, tana ta zuba ruwa, amma ba ta sayar masa da leda ko ɗaya ba. Shi ya sa yanzu duk wanda ya zo mana da babbar oda, sai ya ajiye kafin alƙalami kafin mu cika leda.

Sauran abubuwan ƙanana ne amma suna cin kuɗi. Ɓarayi suna son fanel, sun fi son wayar tagulla. A walde firam ɗin, a binne waya, kuma in lambu ba shi da mai kwana a ciki, a sa albashin mai gadi cikin lissafi tun farko. Farkon damina a Jos da tsawa yake zuwa, wani lokaci har da ƙanƙara. Kwantirolar da ba a yi mata wayar ƙasa ba tsawa ɗaya ta ishe ta. Akwai fanel a kasuwa da aka rubuta wa wat 500 a baya alhali bai kai ba, akwai 'yan kwatano da suka gama ƙuruciyarsu a wata ƙasa. A gwada da mita da tsakar rana a gaban mai shago, in ya ƙi a bar masa kayansa. A kuma sayi famfon da ake samun kayan gyaransa a cikin gari, kada sai an yi aike Legas ko Kano dashe yana jira. Injin fetur ɗin ma ba mu sayar ba. Yana cikin ɗaki, ana tayar da shi lokaci-lokaci don kada ya daskare.

Akwai wanda ba zan ba shawarar sola ba sam. Mai 'yan ɗaruruwan leda a gefen titi, wanda garwa biyu da yaro ɗaya suke isar sa, kuma filin ba nasa ba ne, gobe ana iya cewa ya tashi, kuɗinsa ya fi amfani a iri mai kyau da ragar inuwa. Masu lambuna uku ko huɗu da ke jere a bakin tafki ɗaya kuwa, haɗa kuɗi su sa famfo guda da babban tanki ya fi musu, in za su iya rubuta rabon ruwa da kuɗin gyara a takarda tun ana shiri.

Abin da har yanzu yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne watannin damina, da kayan suke zaune sai cajin wayoyin yara. Injiniyan namu yana ta bibiya, wai a ƙara fanel biyu da ɗan batir a sa fitilu da firji. Kawu ya ce masa kuɗin bana na masu yasar rijiya ne, za su ƙara mata zurfi a watan Maris in dutse ya yarda, abin da ya saura kuma tanki na biyu za a saya.